Kwatanta Dabarun Ƙaura Daga IPv4 Zuwa IPv6



Kowace kwamfuta da ke kan intanet tana da adireshi. Tsohon tsari, watau IPv4, wanda aka fitar a 1981, adireshinsa bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma a watan Fabrairu na 2011 babbar taskar da ake rabo daga cikinta ta ƙare. Sabon tsari, IPv6, yana da yalwa ƙwarai, sai dai shi da tsohon ba su jin harshen juna. To, ta yaya saƙon sabon zai ratsa hanyar da tsohon kaɗai ta sani?

Turawa suna kiran dabarar da sunan rami. Ni dai na fi ganinta kamar wasiƙa mai adireshi da ajami, aka sa ta cikin wani ambulan, aka rubuta adireshi da boko domin ma'aikacin gidan waya. A can ƙarshen hanya dole wani ya buɗe ambulan na waje. Wane ne shi? Nan dabarun suka bambanta.

A dabarar 6in4, ɓangarori biyu ne suke shirya komai da hannu, kowa ya san ɗan'uwansa. Tana da aminci, amma ba ta dace da gidaje dubbai ba.

Dabarar 6to4 ta 2001 ta kawar da wannan wahala, domin na'ura ce take haɗa sabon adireshi daga tsohon. Illarta ita ce masu buɗe ambulan 'yan sa-kai ne. In saƙo ya ɓace, babu wanda za a tuhuma, kuma sau da yawa hanyar tafiya dabam, ta dawowa dabam. A 2015 aka soke adireshin bai-ɗaya na waɗannan tashoshi. Teredo ta kamfanin Microsoft, wadda aka yi domin kwamfutocin da suka yi tarayya a adireshi guda, ita ma da irin wannan rauni ta yi fama.

Sa'an nan a 2007 kamfanin Free na Faransa ya ɗauki 6to4 ɗin nan, ya mayar da tashoshin duka hannunsa, aka sami 6rd. Fasahar kusan ɗaya ce. Abin da ya sake shi ne an sami mai ɗaukar alhaki. A ganina, ma'aikata ko jami'ar da mai ba ta intanet bai kawo mata IPv6 kai tsaye ba, gara ta riƙi 6in4 da tashar da ta sani. Ta dai tuna ambulan na waje yana cin bayit 20 a kowane ƙunshi, saboda haka sai ta rage girman ƙunshin, in ba haka ba wasu shafuka za su riƙa maƙalewa.