Amosanin jini: dashen ɓargo da gyaran iri

Amosanin jini, wanda ake ce ma sikila ko emasi, ciwon gado ne. In uwa da uba duk suna ɗauke da irinsa, kowane ciki yana da hatsarin kashi 1 cikin 4.

Cikin ɓargon ƙashi ake yin jini. Don haka likitoci suka gano dashen ɓargo. Kamar yadda manomin bakin Komadugu yake dasa tattasai, haka ake ɗebo ɓargo mai lafiya daga ɗan'uwa, a sa ma maras lafiya. An yi wannan aiki a asibitin jami'ar Benin, cikin Najeriya, a 2011.

Amma dashe yana da hatsari. Baƙon ɓargo yana zuwa da dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini. Wani lokaci ba su yarda da sabon gida ba. Sai su far ma fata da hanta da hanji. Ƙuraje su fito, zawo ya kama, ido ya yi shawara. Abin yana iya kisa.

Masana sun samo dabara biyu.

Ta farko: a 1997 likitocin Milan, cikin Italiya, sun bayyana cewa sun sa ma dakarun akala. Sun ƙara musu wata ƙwayar gado. In sun tada faɗa, sai a ba maras lafiya wani magani, su mutu.

Ta biyu: a ɗebi ƙwayoyin ɓargon maras lafiya da kansa, a gyara irin, a mayar masa. Tunda babu baƙo, babu faɗa. Ingila da Amurka sun yarda da wannan magani, Casgevy, a 2023.

Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne. Kuma kafin a yi shi, ana kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, wanda kan iya hana haifuwa. Bai iso Nijar ba tukuna.

To, mutanen Fulatari da na Diffa, mi ya rage? Awon jini kafin aure. Yaro mai ciwon ya sha ruwa da yawa, ya kwana cikin gidan sauro, a rufe shi lokacin hunturu, a yi masa allurar rigakafi. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita ran nan, kada a jira gobe. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo.