Mazaunin gilashin kyamarar fim da adafta

Mazaunin gilashi shi ne zoben ƙarfen da ke gaban kyamara inda ake ɗaura gilashin ɗaukar hoto, wanda ma'aikatan fim suka fi sani da lens. Adafta kuwa zobe ne na biyu da ake sakawa a tsakani domin gilashin da aka ƙera wa wani mazauni ya hau kyamarar da ke da mazauni daban. A ƙananan kyamarorin fim na zamani, irin su Blackmagic Pocket, RED Komodo, Canon C70 da Sony FX3, mazauni ne yake yanke irin gilasan da mai kyamara zai iya saya ko haya. Kyamara takan tsufa cikin 'yan shekaru, amma gilashi mai kyau yakan yi aiki shekara talatin ko fiye, don haka wanda ya zaɓi mazauni ya zaɓi inda kuɗinsa za su daɗe.

Tazarar mazauni

Kowane mazauni yana da ma'auni guda da ya fi sauran muhimmanci, wato nisan da ke tsakanin fuskar zoben ƙarfen da sensa, allon da ke karɓar haske a cikin kyamara. Wannan nisan shi ake kira tazarar mazauni. Mai ƙera gilashi yana lissafa komai a kan cewa gilashin zai zauna daidai wannan nisan daga sensa. Idan ya zauna nesa da haka, ko da da ɗan kaɗan ne, ba zai iya fito da abin da ke nesa tar ba, kamar dutse ko dogon gini a ƙarshen titi.

Mazaunan da aka ƙera wa kyamarori masu madubi a ciki suna da doguwar tazara, saboda sai an bar wa madubin wurin motsi. Nikon F, wanda ya fito a 1959, yana da milimita 46.5. Canon EF na 1987 yana da milimita 44. Tsohon mazaunin M42 mai zare kamar na kusa yana da milimita 45.46, sannan PL na kamfanin Arri, wanda shi ne mazaunin manyan kyamarorin fim, yana da milimita 52. Da aka cire madubi daga kyamara sai tazarar ta ragu sosai: Micro Four Thirds na 2008 milimita 19.25, Sony E na 2010 milimita 18, Canon RF da mazaunin L milimita 20 kowanne, Nikon Z kuma milimita 16.

Daga waɗannan alƙaluma ƙa'idar adafta take fitowa. Adafta marar gilashi a ciki cikon tazara kawai yake yi, don haka yana iya ƙara nisa amma ba ya iya rage shi. Gilashin EF yana hawa kyamarar Sony E da zobe mai kaurin milimita 26, gilashin PL yana hawa RF da zobe mai milimita 32. Akasin haka ba ya yiwuwa. Gilashin Sony E ba zai yi aiki a kyamarar EF ba, domin yana buƙatar ya zauna a cikin jikin kyamarar ne, wurin da ba zai kai ba. Haka tsofaffin gilasan Canon FD, masu milimita 42, suka kasa hawa EF na kamfaninsu sai da adafta mai ƙarin gilashi wanda yake rage kyawun hoto, amma suna hawa kowace kyamara marar madubi cikin sauƙi. RF da L kuwa, da yake tazararsu ɗaya, babu wurin da adafta zai zauna tsakaninsu.

Saboda haka kyamara mai gajeriyar tazara tana karɓar gilasai iri-iri, gilashi mai doguwar tazara kuma yana hawa kyamarori iri-iri. Wannan ne ya sa masu ƙananan kamfanonin fim da yawa suke sayen kyamara mai mazaunin E, RF ko L, amma gilasansu su saye su da mazaunin EF ko PL.

Mazaunan da ƙananan kyamarori suke zuwa da su

EF ya shiga harkar fim ne ta bayan gida. A 2008 Canon ya fitar da 5D Mark II, kyamarar hoto da ke ɗaukar bidiyo mai kyau, sai masu ƙaramin jari suka rungume ta tare da gilasanta. Gilasan EF sun yi yawa a kasuwar sabo da ta gwanjo har wasu kamfanoni suka ɗora mazaunin a kyamarorinsu. Blackmagic Pocket 6K ta 2019 da 6K Pro ta 2021 duka EF ne. Amfaninsa shi ne araha da yawan zaɓi ba tare da adafta ba. Illarsa kuma ita ce kyamarar ta kulle kanta: tsakanin EF da PL milimita 8 ne kacal, kuma faɗin bakinsu ɗaya, milimita 54, don haka gilasan PL masu dogon gindi ba sa shiga adaftan.

Blackmagic Pocket ta farko, ta 2013, da Pocket 4K ta 2018 suna da Micro Four Thirds. A 2023 kamfanin ya koma mazaunin L a Cinema Camera 6K, mazaunin da Leica, Panasonic da Sigma suka haɗa kai a kansa tun 2018. RED Komodo da Canon C70, duka na 2020, sun zo da RF. Bayan Nikon ya sayi RED a 2024, wasu kyamarorin RED sun fara fitowa da mazaunin Z. Sony FX6, FX3 da FX30 duka E ne, kuma da yake Sony ya buɗe wa wasu kamfanoni bayanan mazaunin tun 2011, gilasan Sigma da Tamron na E sun yi yawa. Canon ya fi tsaurara wa wajen ba da izinin ƙera gilasan RF masu fokas mai sarrafa kansa.

PL ya bambanta da duk waɗannan ta yadda yake kamawa. A mazaunan kyamarar hoto gilashin ake murɗawa har ya yi ƙas, wata 'yar ƙusa mai sifirin ta riƙe shi, kuma kullum akan sami ɗan motsi. A PL gilashin ba ya juyawa. Ana zura shi, sai a murɗa zoben da ke jikin kyamara ya danne kunnuwansa huɗu. Sunan ma gajarta ce ta kalmomin Ingilishi biyu da ke nufin kulle tabbatacce. Arri ya fito da shi a farkon shekarun 1980, sannan a 2018 ya ƙara LPL mai tazarar milimita 44 da faɗin baki milimita 62 domin manyan sensa. Ɗan motsin mazaunin hoto ba ya damun mai ɗaukar hoto ɗaya, amma a fim, inda ake juya fokas ana cikin ɗauka, hoton yakan yi tsalle a idon mai kallo. Shi ya sa ake ƙera mazaunan EF da E masu zoben kulle irin na PL.

Ire-iren adafta

Mafi sauƙi shi ne zoben ƙarfe zalla, babu waya babu gilashi. Ya dace da gilasan PL da tsofaffin gilasai masu zoben ƙofar haske a jikinsu, kamar Helios 44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet mai mazaunin M42, wanda masu fim ke nema saboda yadda yake murɗa bayan hoto. Gilasan Nikon F ma suna hawa, sai dai zoben fokas ɗinsu yana juyawa ne akasin na Canon da na gilasan fim, abin da kan rikita mai jan fokas da ya saba da ɗaya. Sababbinsu masu alamar G ba su da zoben ƙofar haske, sai an nemi adafta mai ɗan hannu da ke buɗe ta.

Mafi yawan gilasan EF ba su da wata hanyar buɗe ƙofar haske sai ta lantarki, don haka suna buƙatar adafta mai ƙananan filoli da ke fassara saƙo tsakanin gilashi da kyamara. Idan kamfani ɗaya ne ya yi duka biyun, kamar EF zuwa RF, kusan babu abin da ake rasawa. Idan kamfanoni daban ne, ƙofar haske da na'urar hana girgiza sukan yi aiki, amma fokas mai sarrafa kansa yakan yi jinkiri ko ya riƙa kai da komo a bidiyo. Wanda aikinsa ya dogara da wannan fokas, kamar mai ɗaukar biki shi kaɗai, ya fi masa ya sayi gilashin da aka yi wa kyamararsa. Akwai kuma adaftan da ke amfani da sararin cikinsa wajen ɗaukar matatar rage haske, kamar wanda Canon ya yi na EF zuwa RF, kuma yana da amfani ga kyamarorin da ba su da irin wannan matatar a ciki.

Adafta mai tattara haske

Wannan shi ne nau'in da ya fi canza hoto. Kowane gilashi yana jefa hoto mai siffar da'ira. Gilashin da aka yi wa cikakken sensa, mai milimita 36 a 24, da'irarsa ta fi ƙaramin sensa girma, don haka ƙaramin sensa tsakiyar kawai yake gani, sauran hasken ya tafi a banza. Adafta mai tattara haske yana da ƙwayoyin gilashi a ciki da suke matse da'irar ta sauka a kan ƙaramin sensa. Hoton yakan faɗaɗa, hasken kuma ya ƙaru. Da adafta mai ƙarfin 0.71, gilashin milimita 50 mai f/2 yana komawa kusan milimita 35 mai f/1.4, wato ninkin haske biyu. Akwai mai ƙarfin 0.64 da ya fi haka matsewa.

Kamfanin Metabones ne ya shahara da shi a 2013, da sunan Speed Booster, bisa ƙirar Brian Caldwell. Sunan ya bi bakin mutane har ana kiran na sauran kamfanoni da shi, kamar yadda omo ya zama sunan kowane garin wanki a Hausa. Haɗin Pocket 4K da irin wannan adafta da gilashin Sigma 18-35 mai f/1.8 ya zama kayan aikin masu ƙananan fina-finai da yawa. Canon ma ya fitar da nasa mai ƙarfin 0.71 tare da C70.

Yana da sharuɗɗa biyu. Dole tazarar gilashin ta fi ta kyamarar sosai domin ƙwayoyin su sami wuri, kuma dole da'irar gilashin ta fi sensa girma. Idan aka matse da'irar da ba ta da rara, kusurwoyin hoto sukan yi baƙi. A kyamara mai cikakken sensa kamar FX3 ba shi da wani amfani idan gilashin ma na cikakken sensa ne.

Matsalolin aiki

Kaurin adafta sai ya zama daidai har zuwa kaso kaɗan na milimita. Masu ƙera adafta mai araha sukan rage kaurin kaɗan da gangan don kada gilashi ya kasa ganin nesa. Ga mai hoto wannan ba laifi, amma a fim lambobin nisa da ke jikin gilashi sukan daina faɗin gaskiya, kuma gilashin zum da ya kamata ya riƙe fokas daga farko zuwa ƙarshe sai ya riƙa sakinsa. Kuskuren ya fi bayyana a gilasai masu faɗin gani. Adaftan PL masu kyau suna zuwa da siraran faifan ƙarfe da ake ƙarawa ko cirewa har tazarar ta daidaita, kuma kamfanonin hayar kaya suna gwada wannan kafin kyamara ta fita aiki.

Nauyi ma matsala ne. An yi mazaunan E, RF da Micro Four Thirds ne domin gilasai marasa nauyi, alhali zum na fim yakan kai kilo biyu ko fiye, ga kuma tsawon adafta da ke ƙara masa rinjaye. Akan ɗaure ƙafar adaftan a kejin kyamara, a tallafi gilashin da sanduna masu kaurin milimita 15. In ba haka ba mazaunin yakan karkace, gefe ɗaya na hoto ya fita fokas. Kafin a ɗaura gilashin PL a karon farko kuma akan auna tsawon gindinsa, domin wasu suna shiga ciki sosai har su taɓa bangon adafta ko matatar da ke gaban sensa.

A kyamara marar madubi sensa tana kusa da baki, kuma duk sauyin gilashi yana buɗe ta ga iska. Masu aiki a wuri mai ƙura, kamar lokacin hunturu a ƙasar Hausa, sukan bar adafta ɗaya a jikin kyamara su riƙa sauya gilasai a kansa. Idan mai tattara haske ne, gilashin cikinsa yana tare ƙurar kafin ta kai sensa.

Ƙaramar kyamara da adafta ba kayan masu ƙaramin jari kaɗai ba ne. Fim ɗin The Creator na Gareth Edwards, wanda ya fito a 2023, an ɗauki mafi yawansa da Sony FX3 da tsohon gilashin Kowa na Japan mai milimita 75, irin wanda ke matse hoto ta gefe domin faffaɗan allon sinima.