Malalaciyar Iska Da Ingancin Rodin Gininmu

Duk wanda ya tashi a birnin Katsina ya san kamfanin mulmula ƙarfe da aka buɗe a shekarar 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari, wanda aka tsara ya riƙa fitar da tan 210,000 a shekara. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, shi da takwarorinsa na Jos da Oshogbo an gina su ne domin mulmula kawai. Sandunan ƙarfen kuwa daga Aladja ta jihar Delta ta yanzu aka shirya kawo su, kuma a can ake yanke hukuncin ingancinsu. Injin mulmula ba ya wanke ƙarfe. Abin da aka ba shi, shi yake miƙarwa.

To, yaya ake wankin? Idan ƙarfe ya narke, zafinsa ya kai wajen digiri 1,600, yakan haɗiye iskar haidirojin da naitirojin, ga kuma ɓurɓushin datti. Sai a juye shi cikin wata ƙatuwar tukunya, a hura masa iskar agon ta wani bulo mai ƙananan ƙofofi da ke gindinta. Kumfar iskar na tasowa tana motsa ruwan ƙarfen, tana kwashe gurɓatacciyar iska, tana ɗago dattin zuwa sama inda zai haɗu da abin da muke kira kashin maƙera.

A matsayina na ɗalibin harshe, sunan iskar ne ya fara jan hankalina. Turawan Birtaniya biyu, Rayleigh da Ramsay, da suka gano ta a 1894, sun ɗauko sunan daga kalmar Girkanci mai nufin malalaci, domin ba ta haɗuwa da komai. Wannan lalaci shi ne darajarta: ta shiga, ta share, ta fita ba tare da ta bar kome nata ba. Dabarar Henry Bessemer ta 1856, wadda ke hura iskar da muke shaƙa, takan bar naitirojin a ƙarfe, ya riƙa tsagewa. Agon kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan iska ba, sai an tace ta, tacewa kuma kuɗi ce.

Nan ne gizo ke saƙa. Da Aladja ta durƙushe, Ajakuta kuma ba ta kammalu ba, kamfanin Katsina ya rasa abin mulmulawa, har aka sayar da shi ga kamfanin Dana a 2006. Yau rodin da ke kasuwanninmu, mafi yawansa daga gwangwan da 'yan jari-bola ke tarawa ake narko shi. Wannan ba aibi ba ne, muddin an tace. Amma rodin da ba a tace ba ido ba ya gane shi. Sai an lanƙwasa ya karye, ko kuwa an ɗora masa bene.

Saboda haka, ya kai mai gini, kada araha ta ruɗe ka. Nemi takardar gwajin rodi, ka sa a lanƙwasa ɗaya a gabanka. Hukumar SON kuma ta kai bincikenta har bakin tukunya, kada ta tsaya a shago. Rigakafi dai ya fi magani.