Birnin Banaras da Ruwan Kogin Ganga

Mu mutanen Gwarzo da Kabo, in an ce kogi sai mu tuna da Challawa, wanda kafin a datse shi a ƙasar Karaye cikin 1992 ya kan cika ya batse da damina, da rani kuwa ya koma rairayi, sai an tona a sami na sha. Saboda haka da wuya mu gane yadda mutane za su kira kogi uwarsu, su yi tafiyar kwana da kwanaki don su yi wanka cikinsa kaɗai. Amma haka abin ya ke a ƙasar Indiya. Ƙasar kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu, gama sojan Nijeriya sun sauka can cikin 1943 da 1944 bisa hanyarsu ta zuwa yaƙin Bama, yanzu ma 'yan makaranta da masu neman magani ba su fasa zuwa ba.

Sunan kogin Ganga. Ya taso daga ƙanƙarar duwatsun Himalaya, ya yi tafiya fiye da mil 1,500 kafin ya faɗa teku a Bangal. A bakinsa akwai wani tsohon birni da a ke kira Banaras, ko da ya ke tun 1956 sunan da hukuma ta ke rubutawa Baranasi ne. Masu ibada kuwa Kashi su ke ce masa. Kada mai karatu ya yi dariya, da harshensu ma'anar kalmar haske ce. Wurin mabiya addinin Hindu babu birnin da ya kai shi daraja.

Baƙon da ya ke so ya ga garin sosai, sai ya tafi da ɗari, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya yi sammako ya shiga kwalekwale tun da asuba. Birnin yana gaɓar yamma ne, yana fuskantar gabas. Daga bakin gidaje har cikin ruwa an gina matakai na dutse, kowace mashiga da sunanta, sun fi 80, a jere wajen mil huɗu. Rana na ɓullowa sai ka ga jama'a maƙil, maza da mata, tsofaffi da yara, sun shiga ruwa har ƙugu. Wani na nutso, wani ya kamfato ruwa da tafin hannu ya ɗaga wajen rana, wani na cika ɗan tulun tagulla da zai kai wa mutanen gida tsaraba. Sun gaskata wannan wanka yana kankare zunubi.

Abin da ya fi ba baƙo tsoro shi ne mashigai biyu, Manikarnika da Harishchandra, inda a ke ƙone matattu dare da rana. Su a wurinsu, in mutum ya mutu ransa ya kan komo duniya cikin wani jiki, ya sake mutuwa, ya sake komowa, gwargwadon aikin da ya yi. Babban burinsu su kuɓuta daga wannan kai da kawowa, sun kuwa ɗauka wanda ya cika a Banaras ya kuɓuta ke nan. Don haka tsofaffi su kan bar garuruwansu su zo jiran ajali, har akwai gidajen da aka keɓe musu. In an kawo gawa sai a tsoma ta cikin kogi, a ɗora bisa tarin itace, babban ɗan mamacin ya yi aski ƙwal, ya ɗaura farin ƙyalle, ya sa wuta. Bayan kamar sa'a uku a zuba tokar cikin ruwa. Wannan ya saɓa wa abin da mu ka sani na wanka da likkafani da salla da kabari, amma baƙon kirki ba ya nuna ƙyama a gaban masu makoki, ba ya kuwa ɗaukar hoto, gama an hana.

Kada a zaci babu Musulmi a garin. Ƙirgar da aka yi cikin 2011 ba ma buƙatar dogon lissafi gare ta: sun fi rubu'in mutanen birnin, da yawansu masaƙa ne, su ke saƙa zannuwan siliki da Banaras ta yi suna da su. Cikinsu aka sami Bismillah Khan, gwanin busa wata aba mai kama da algaita, wanda ya rasu 2006. Zaman dai ba ya rasa tsami. Sarki Aurangzeb ya rushe babban ɗakin ibadarsu cikin 1669, aka gina masallaci a wurin, sa'an nan wata sarauniya, Ahilyabai ta Indor, ta gina sabon ɗaki dab da shi cikin 1780. Gardamar filin nan ta kai gaban alƙalai.

To, ga abin da ya sa mu ka ɗauko wannan labari. Ruwan nan da su ke ganin babu mai tsarki kamarsa, in an ɗiba aka duba da madubin likita, cike ya ke da ƙwayoyin cuta. Mutum ya yi tsammani gawa da toka ne su ka ɓata shi, amma masu awo sun tabbatar mafi yawan ƙazantar daga magudanan bayan gida na birnin ta ke kwararowa. Ƙa'idar hukumar Indiya, ruwan da ya dace a yi wanka da shi kada ƙwayoyin irin na bayan gida su wuce 500 cikin abin da bai fi rabin kofin shayi ba. A Banaras an sha samun dubbai masu yawa. Kwalara ma, watau amai da gudawa, daga ƙasar da kogin nan ya ke faɗawa teku ta fara bazuwa cikin duniya a 1817. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta yi ɓarna ƙwarai cikin 1971.

Masu ibada ba su rasa abin kafa hujja ba. Cikin 1896 wani Bature mai suna Hankin, wanda ya ke aiki a Agra, ya ba da labari cewa ruwan Ganga ya kan kashe ƙwayoyin kwalara cikin sa'o'i kaɗan, in an tafasa shi kuwa ba ya kashewa. Waɗansu masana suna tsammanin waɗansu halittu ne ƙanana ƙwarai masu cin ƙwayoyin cuta su ke wannan aiki. Ko da haka ne, kowane jaki da iyakar kayansa, kogi ba ya iya cinye ƙazantar mutum fiye da miliyan ɗaya kullum.

Wanda ya fi kowa fahimtar matsalar wani ɗan garin ne, Bir Bhadra Mishra. Shi ne shugaban ɗakin ibada na Sankat Mochan, shi ne kuma malamin ilmin sarrafa ruwa a jami'ar Banaras, wadda aka kafa 1916. Yana wanka a kogin bisa al'adar kakanninsa, ya kuwa san abin da ke ciki sarai. Da ya ce wa mutane kogin ba shi da tsarki, da ba wanda zai saurare shi. Sai ya nuna musu uwarsu ce a ke watsa wa ƙazanta, ya kafa ƙungiya cikin 1982 don awon ruwan da matsa wa hukuma. Gwamnati ta fara aikin gyara cikin 1986, ta sake ɗaura sabon shiri cikin 2014, bayan rasuwarsa da shekara guda. An gina matatun ruwa, an kashe kuɗi mai yawa, aikin dai bai ƙare ba.

A ganinmu dabararsa ita ce ya raba tsarki da tsabta, mu kuwa mun fi kowa sanin abubuwa biyu ne. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Risala ya sani ruwa yana halatta ga alwala muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sake ba. Wannan hukuncin ibada ne, malamai ba su ce hukuncin likita ba ne. Ruwan kududdufi ya kan cika sharaɗin nan sarai, ga shi kuwa shi ya riƙa kwantar da manoma da kurkunu a tsakiyar damina, gona na jiran noma. Ba a rabu da kurkunu ba sai da aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyin burtsatse. Wanda aka gani na ƙarshe a Nijeriya cikin 2008 ne, aka shaida ƙasar ta rabu da shi cikin 2013. Tsargiya kuwa tana nan. Ƙwayarta cikin dodon koɗi ta ke girma, ta fito ta huda fatar mai wanka, har cikin ruwan madatsa wanda ya kwanta garau, inda yaran ƙauyukanmu su ke iyo da tsakar rana.