Mu saida da arha, mu saya da tsada: ina mafita?

A wannan fitowa shafinmu na lafiya da noma zai yi magana a kan rumbu da aljihu, domin ciwonsu ɗaya ne. Kowa yana kukan tsadar cefane. Maigida ya ce uwargida ba ta da tattali, uwargida ta ce abin da ake ba ta ba ya isa. To kafin a ɗora wa wani laifi, ya kamata a zauna a yi lissafi.

Da ranin bana na kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci a cikin jihar Maraɗi. Na tarar ana darasin lissafi. Wani dattijo ya ce shi ba a cutarsa a kasuwa, domin ba ya sayen ko allura sai ya yi ciniki har mai kaya ya gaji. Na tambaye shi hatsi nawa ya saida da kakar bara. Ya ce tiya 60, kowace tiya dala 80. Na ce da damina fa? Ya ce hatsin gida ya ƙare tun ana noman farko, sai da ya saya har tiya 60, kowace dala 150.

Muka rubuta a kan allo. Tiya 60 a kan dala 80, jikka 24 ke nan. Tiya 60 a kan dala 150, jikka 45 ke nan. Tsakaninsu jikka 21. Aji ya yi tsit. Hatsin nan bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ya fita daga gidansa a watan Oktoba, ya kwana a mangazar ɗan kasuwa, ya komo masa a watan Yuli, shi kuwa ya biya jikka 21 kuɗin wannan kwana. Da wannan kuɗi, ko a farashin damina, zai sami tiya 28, wato abincin sati biyu ga gida mai cin tiya 2 a rana. Dattijon ya daɗe yana duban allo, sa'annan ya ce: "Ashe ina tsaron ƙofa ne, ɓarawo yana shiga ta darni."

Wannan ita ce babbar ɓarakar da kuɗin manomi ke zuba. Duk dalar da za ka rage wajen mai gishiri ba ta kai kashi ɗaya cikin goma nata ba.

Me ke sa a saida da kaka?

Ba wauta ba ce. Da kaka ne bukatu ke taruwa gaba ɗaya: bashin damina, kuɗin lanho, kayan ƴan lakwal da ke komawa a watan Oktoba, aure da biki da aka jinkirta sai an yi girbi. Kowa ya kai hatsi kasuwa rana ɗaya, mai saye kaɗan, mai saidawa da yawa, farashi ya faɗi. Bayan wata bakwai ko takwas rumbuna sun yi ƙasa, aikin gona ya tashi, kowa ya koma mai saye, farashi ya hau. Masu shekaru ba su manta da 2005 ba, lokacin da akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi da Damagaram amma talaka ba shi da ikon kusantarsa.

Mafi muni shi ne bashin da ake ci tun hatsi yana tsaye a gona, a biya da dami bayan girbi, wanda wasu ke kira falle. Mai wannan bashi ya saida amfaninsa ƙasa da farashin kaka ma. Baɗi sai rumbunsa ya riga na kowa ƙarewa, ya sake komawa wurin mai bashi.

Abu na farko shi ne ƙidaya kafin saidawa. Ka san tiya nawa gidanka ke ci a rana. Ka riɓanya sau 30, ka sami na wata. Ka riɓanya wannan sau 12. Buhu mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40, saboda haka gida mai cin tiya 2 a rana yana bukatar buhu 18 a shekara, ban da iri da zakka da na baƙi. Abin da ya haura wannan shi ne na kasuwa. In bai kai ba, to ka sani duk tiyar da ka fitar yau za ka sake sayenta da tsada. Sanin haka kaɗai yana sa mutum ya rage girman biki, ko ya saida gujiya da wake da ridi ya bar hatsi, ko ya fita neman kuɗin rani da wuri.

Na biyu, in tilas ne a sami kuɗi da kaka, akwai hanyar da ba saidawa ba. A ƙarshen shekarun 1990, wani shirin hukumar FAO ya yaɗa tsarin warantaji a Nijar. Ƙungiyar manoma tana tara amfaninta a mangaza ɗaya, a rufe da kwaɗo biyu: makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. Ana ba kowa bashin da bai kai darajar kayansa ba. Ya yi bukatarsa, ya yi kiwo ko noman rani ko ƴar sana'a, bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe mangaza ya ɗauki abinsa lokacin da ya yi daraja. Sai dai in faɗi gaskiya: akwai kuɗin ajiya da ruwan bashi, kuma akwai shekarar da farashi ba ya hawa sosai. Wanda ya ci bashin a biki, bai juya shi ba, zai rasa abin biya, a saida hatsinsa a kan idonsa. Waɗanda kuma zuciyarsu ba ta kwanta da maganar ruwa ba, suna iya yin ajiyar tarayya ba tare da bashi ba. Amfanin kwaɗo biyu yana nan: hatsin da makullinsa ba ya hannunka kai kaɗai ba ya fita don ɗan uwa ya zo da kuka ko don an ga sabon zane a kasuwa.

Mata sun riga mu gane wannan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka soma a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon CARE, zubi ne na kowane sati a cikin akwati, ana ba juna bashi kaɗan, a raba a ƙarshen zagaye. Ƙungiyar da ta tsara rabonta ya faɗo da kaka, tana iya sayen hatsi yana arha. Wadda ta sa shi farkon damina, ta sami abin tarbar yunwa. Ko wanne aka zaɓa, a zaɓe shi da niyya.

Wake shi ne ya fi ba da riba in an ajiye, shi ne kuma ƙwaro ya fi so. Saboda tsoron ƙwaro ne mutane da yawa ke zubar da shi a kasuwa tun da ɗanyen farashi. Tun 2007 aka soma yaɗa buhun PICS mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe ƙwarai, a duba ledar ba ta da huda, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi dabam. Ƙwaro yana mutuwa don rashin iska, ba a sa magani ko kaɗan. Bido mai murfi mai kyau, in an cika shi har baki an toshe, shi ma yana yin wannan aiki. Kakanninmu kuwa da toka ko rairayi suke cuɗa shi. Abin da nake roƙo a bari shi ne zuba wa wake maganin feshin gona, ko ajiye buhu mai ƙwayar maganin hayaƙi a ɗakin kwana. Wannan guba ce, tana kashe mutum.

Dala-dala ba ta jin ciwo

Ɓaraka ta biyu ƙarama ce, amma kullum tana ɗiga. Wanda ke kashe dala 20 kowace rana ba ya jin kome. A wata jikka 3 ne. A shekara jikka 36. A farashin da dattijon nan ya saida hatsinsa, buhu biyu ke nan har da saura. A nan sai mu maza mu duba kanmu kafin mu dubi mata: shayi da sukari sau uku a yini, taba, goro, kuɗin waya don gaisuwar da ba ta ƙarewa. Ban ce a bar shayi ba, ni ma ina sha. Na ce a san kuɗinsa.

Haka nan cefanen ƙulli-ƙulli. Mai a ƙaramin ludayi, sukari a leda, garin sabulu a ƴar takarda: mai tebur ya sayi babba ya kasa, kuma a kowane kashi akwai ribarsa. Za ku ce talaka ba shi da kuɗin sayen babba. Gaskiya ne. Amma gida huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi ranar kasuwa su sayi bidon mai ɗaya, ko buhun gishiri, ko katan na sabulu, su raba da ma'auni a gaban kowa. Sai dai a kula, abin da ya yi yawa a ɗaki hannu yana sake a kansa, maƙwabta kuma suna jin labari. Uwargida ta ware ma'aunin kowace rana, sauran ta rufe.

Lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kayan waje suka yi tsada dare ɗaya, gidaje da yawa suka koma ga abin da ƙasa ke bayarwa. Daudawa tana gyara miya, tana kuma gina jiki, abin da dunƙulen kanti ba ya yi. Tumatir da ke ruɓewa a kasuwa da sanyi, in an yanka an shanya shi ya zama kauɗa har damina. Kuɓewa, yakuwa, kuka da ganyen zogale duk ana busarwa, amma ganye a inuwa ake shanya shi don kada amfaninsa ya tafi. Yaron da ya cika wata shida, kunun hatsi da aka haɗa da garin soyayyen wake da gujiya ya fi masa abin gwangwani, tare da nonon uwa. Kafin wata shida kuwa nono kaɗai ya ishe shi, kuma ba a sayensa.

Itace ma kuɗi ne, ko da ba a saya ba, domin wadda ta yi tafiyar rabin yini nemansa ta bar wani aiki. Murhun duwatsu uku a fili rabin wutarsa iska yake dafa wa. A kewaye shi da laka, ko a nemi murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare. Hayaƙi ma zai ragu, idon mai girki da ƙirjin goyonta su huta.

Inda arha ke zama tsada

Akwai wuri ɗaya da ban yarda a nemi sauƙi ba: maganin da ake tallarsa a kan tebur ko a bayan keke, rana tana dukansa. Yaro ya yi zazzaɓi, a sayo ƙwaya biyu na dala 10. Jiki ya yi sanyi yini ɗaya, ciwo yana ciki yana cin jini. Ran na huɗu sai a nemi amalanke ko mota, a saida akuya, a kwana a asibiti. Da an tafi gidan likita tun ranar farko, an gwada jini an ba da cikakken magani, da akuya tana nan, yaron kuma bai kai bakin halaka ba. A 2006 gwamnati ta yanke shawarar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ku tambayi ma'aikacin lafiya na garinku abin da ake biya da wanda ba a biya. In an rubuta maku magani, ku tambaya ko akwai irinsa maras sunan kamfani, domin aikinsu ɗaya, kuɗinsa ya fi sauƙi.

In zawo ya kama yaro kuma babu ƙullin gishirin likita a kusa, a sami ruwa mai tsabta litir 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a kama hanyar likita. Gidan sauro kuwa a rataya shi a kan gado kowane dare. Na sha ganinsa an kewaye lambu da shi ko an rufe kaji, mai gidan kuma yana sayen maganin zazzaɓi duk damina.

Yanzu da kuka iya rubutu, ga aikin da nake so kowa ya gwada. Ka sami kaye ɗaya. A kowane shafi ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ya zama gida uku: rana, abin da aka saya, kuɗinsa. Kada ka bar ko dala ɗaya, har da goron da aka ba baƙo. A shafin ƙarshe ka rubuta hatsin da ya fita daga rumbu, da dalilin fitarsa: ci, saidawa, kyauta ko biyan bashi. Maigida da uwargida su cika shi tare bayan sallar lisha, kowa ya faɗi nasa. Bayan kwana 30 a tara. Wanda tarawa ta yi masa wuya ya kai wa malamin aji, ba sai an karanta a gaban jama'a ba.

Dattijon nan ya yi haka wata biyu. Da na koma garinsu ya nuna mani kayensa, rubutu manya-manya, wasu lambobi a karkace, amma lissafin daidai yake. Ya ce shi da ƙannensa uku sun shirya bana za su haɗa wakensu a ɗaki ɗaya, makulli a hannun babbar yayarsu, ba za a buɗe ba sai an yi ruwan shuka.