Yaron Da Ke Zaune A Bayan Aji: Abin Da Likita Adler Ya Koya Wa Malamai

Duk wanda ya taɓa fita gwajin koyarwa ya san yaran nan iri biyu. Ɗaya yana zaune can bayan aji, ba ya ɗaga hannu, in ka tambaye shi sai ya sunkuyar da kai. Ɗayan kuwa shi ne sarkin surutu, mai cin zalin ƙanana, ba a tashi darasi bai sa an yi dariya ba. Galibinmu mu kan ce na farko daƙiƙi ne, na biyu kuwa taƙadari. Amma akwai wani likita, sunansa Alfred Adler, wanda ya ce ciwonsu ɗaya ne, watau dukansu biyu sun fid da rai ga samun wuri mai daraja a cikin 'yan'uwansu. Tun da ya ke mu ne za mu tsaya gaban waɗannan yara gobe, ya kamata mu san mutumin nan da abin da ya faɗa.

An haifi Adler a shekarar 1870 a gefen Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya. Ya tashi da ciwon laushin ƙashi, bai yi tafiya da wuri ba, alhali wansa lafiyayye ne, yana guje-guje a gabansa. Ƙanensa ya rasu a kusa da shi tun suna ƙanana. Da ya kai wajen shekara 5 ciwon huhu ya kama shi, har ya ji likita yana gaya wa mahaifinsa ba zai tashi ba. Allah ya yi da sauran kwana, ya warke, daga nan ya ƙudura zai zama likita. A makaranta ma bai fara da ƙafar dama ba. An ba da labari a tarihinsa cewa lissafi ya gagare shi, har malaminsa ya ba uban shawara a cire shi a kai shi koyon ɗinkin takalma. Uban ya ƙi. Yaron ya dage, ya zama gwanin lissafi a ajinsu, a 1895 kuma ya fita likita daga Jami'ar Biyana.

A 1902 Sigmund Freud, wanda ya ƙago hanyar binciken abin da ke ɓoye a zuciyar mutum, ya gayyace shi cikin 'yar ƙungiyar da ta kan taru a gidansa ran Laraba da dare. Sun yi shekara 9 tare, har Adler ya shugabanci ƙungiyar a 1910. Sai saɓani ya shiga. Freud yana ganin sha'awa irin ta tsakanin namiji da mace, wadda a ke dannewa tun ƙuruciya, ita ce tushen halin mutum. Adler ya ce a'a, abin da ke tura mutum shi ne jin ya kasa, da ƙoƙarin fita daga kasawar. A 1911 suka rabu, ya kafa tasa ƙungiya.

To, mene ne wannan jin kasawa? Adler ya ce kowane ɗan Adam da shi ya ke farawa, gama jariri ƙarami ne a tsakanin manya, komai sai an yi masa. Wannan ba cuta ba ce. Ita ce ma ta ke sa yaro ya yi rarrafe, ya miƙe, ya koyi magana. Tun a littafinsa na 1907 ya lura cewa in wata gaɓa ta jiki ta raunana, jiki ya kan rama ta wata hanya, kamar yadda ƙoda ɗaya ta kan girma in an cire 'yar'uwarta. Haka zuciya ta ke yi. Misalin da a kan kawo shi ne Demosthenes na ƙasar Girka ta dā, wanda ya tashi da sarƙewar harshe, ya yi ta fama har ya zama babban mai jawabi na zamaninsa.

Abin ya kan ɓaci ne sa'ad da jin kasawar ya yi wa yaro nauyi har ya daina ƙoƙari. Adler ya ambaci yara iri uku da suka fi shiga wannan haɗari. Akwai mai naƙasa ko yawan ciwo. Akwai ɗan lele, wanda aka shagwaɓa, bai taɓa yi wa kansa kome ba, ran da ya shiga aji ya ga ba shi kaɗai ne sarki ba sai ya rikice. Akwai kuma wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi, bai san ƙauna ba, yana ɗaukar kowa abokin gaba. Irin waɗannan, wani ya kan janye jiki ya yi shiru don kada a gan shi ya fāɗi. Wani kuwa ya kan rufe raunin da fankama da cin zali. Ka ga yaranmu biyu na farko ke nan. A ganin Adler, kafin yaro ya wuce shekara 5 ya riga ya tsara wa kansa hanyar da zai bi ya zama wani abu, ita ce kuma zai yi ta maimaitawa in ba a taimake shi ya gane ta ba.

Maganin da ya bayar shi ne kishin jama'a, watau yaro ya ji shi ɗan cikin taro ne, yana da abin da zai bayar, ana kuma bukatarsa. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi a zuciyarsa bayan ya yi aikin likita a rundunar Ostiriya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya ce rayuwa tana ɗora wa kowa ayyuka uku: sana'a, da zama da mutane, da aure. Ba ko ɗaya da mutum zai iya shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka son fifiko ba laifi ba ne, in dai ya bi ta hanyar da za ta amfani jama'a.

Bayan yaƙin sai ya juya ga makarantu. Ya buɗe wuraren ba da shawara a kan tarbiyyar yara a Biyana, inda malami zai kawo labarin yaron da ya gagare shi, a tattauna da iyaye a gaban sauran malamai don kowa ya ƙaru. Gwamnati ta rufe su a 1934. Shi kuwa ya koma Amurka da koyarwa, ya rasu a 1937 a birnin Aberdeen na ƙasar Sikotlan, yana cikin yawon ba da lacca. Almajirinsa Rudolf Dreikurs ya ci gaba da aikin a Chicago. Shi ne ya ce yaro mai rashin ji abu huɗu ya ke nema: ko a kula shi, ko ya nuna iko, ko ya rama abin da aka yi masa, ko a ƙyale shi a kan ba ya iyawa.

Kada fa mu haɗiye maganar Adler duka ba taunawa. Ya ba da muhimmanci ga matsayin haihuwa, cewa ɗan fari da na tsakiya da auta kowa da irin halinsa. Amma wani bincike na 2015 a kan mutane fiye da 20,000 a Jamus da Ingila da Amurka bai sami wani bambancin hali na a zo a gani ba. Masanin nan Karl Popper kuma ya yi sūka cewa ra'ayin da ke iya fassara kowane hali, jarunta da tsoro duka da dalili ɗaya, da wuya a gwada shi a tabbatar. Ban da haka, wani yaron yunwa ce ke damunsa, wani ba ya ganin allo sosai, wani kunne ne. Sai malami ya fara duba waɗannan.

Duk da haka akwai abin ɗauka. In ka shiga aji, kada ka kira yaro jaki ko daƙiƙi, domin kana tabbatar masa da abin da ya riga ya ke tsoro. Kada ka auna shi da wansa a gaban mutane. Mai shiru, ba shi tambayar da ka san zai iya, sa'an nan ka ƙara mata nauyi kaɗan kaɗan. Mai fitina, ba shi aikin da aji ke bukata, kamar rabon littattafai ko taimakon wanda ya yi fashi. In za ka yaba, yabi ƙoƙarin da ci gaban, ko da makin bai kai ba. Bulala tana iya sa aji ya yi tsit, amma yaron da ya riga ya raina kansa ƙara masa ta ke yi.

Jama'a, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Ku tuna da malamin nan da ya yanke wa ɗan yaro Adler hukuncin ɗinkin takalma. Sana'ar ba abin raini ba ce, amma hukuncin kuskure ne, da uban ya bi shi kuwa da an yi hasara. Allah ya sa kada mu yi wa ɗan wani irin wannan gaggawa, amin.