Abin da ke sa mai shan kafe kasala

Daga Filinge zuwa Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 180, ta Bonkuku da Baleyara, kuma da wuya direba ya kama hanyar bai tsaya teburin mai shayi ba. Wani Nescafé yake so baƙi ƙirin, wani da madara, wani kuwa goro ne a kumatu tun asuba. A fada da dare, butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi sai an sha na ɗaya da na biyu da na uku. Kafe da goro da shayi, sinadari ɗaya ke aiki a cikinsu, shi ne kafeyin. Abin ɗaure kai, wanda ya fi kowa sha shi ne ya fi kowa kukan mutuwar jiki da nauyin kai.

Sai mu fara da yadda barci ke zuwa. Tun daga lokacin da mutum ya buɗe ido, ƙwaƙwalwarsa na ƙona makamashi, kuma ƙonawar tana barin wani sinadari da ake kira adinosin. Kaɗan-kaɗan yake taruwa duk yini. Akwai wasu gurabe a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa inda yake maƙalewa, idan ya maƙale sai aikin ƙwayoyin ya lafa, ido ya yi nauyi, hamma ta zo. Barci ne ke rage shi, shi ya sa wanda ya yi barci sosai ke tashi garau.

To, siffar kafeyin ta yi kama da ta adinosin, har yana iya shiga gurbinsa ya zauna daram. Sai dai shi ba ya isar da saƙon gajiya. Kamar mutum ne ya tare ƙofar zaure, masu bin maigida bashi na zuwa yana ce musu ba ya nan. Ba tafiya suke yi ba, tsayawa suke a waje, wasu na ƙara zuwa. Da ya tashi daga ƙofar, sai su afka gaba ɗaya. Wannan ita ce kasalar da ke rufe ɗan kabu-kabu da azahar bayan ya sha kafe mai kauri da safe. Kafen bai ƙara masa ƙarfi ko kaɗan ba, gajiyar ce ya hana shi ji, ita kuwa tana ta taruwa.

Abu na biyu ya fi wannan ɓarna, don ba a ganinsa. Kafeyin na kaiwa ƙololuwa a cikin jini cikin minti 30 zuwa 60, amma fitarsa sannu-sannu ce. Hanta na ɗaukar kimanin awa biyar kafin ta rage rabinsa. Mu ƙaddara mutum ya sha miligiram 200 da ƙarfe huɗu na yamma, wato kofi uku na Nescafé ko kusa da haka. Ƙarfe tara na dare akwai sauran 100 a jikinsa, ƙarfe biyun dare akwai 50. Wanda ya zauna fada har sha ɗaya yana kurɓar shayi, sai ku yi masa lissafi da kanku. Za ka ji ya ce, "Ni shayi ba ya hana ni barci, ina kwanciya nake tafiya." Yana iya yin gaskiya, amma barcin nan mai nauyi, wanda jiki ke hutawa a cikinsa, shi ne ke raguwa. A 2013 Christopher Drake da abokan aikinsa a birnin Detroit na Amurka sun ba mutane miligiram 400 awa shida kafin kwanciya, na'ura ta nuna barcinsu ya ragu da fiye da awa ɗaya, su kansu kuwa ba su cika lura ba. Gari ya waye, ga sallar asuba, ga gona ko kasuwa, ga ragowar gajiyar jiya. Me zai nema? Wani kofin.

Jiki ma ba iri ɗaya ba ne. Mai shan taba hantarsa ta fi saurin fitar da kafeyin, mace mai tsohon ciki kuwa yakan ninka lokacin a jikinta har sau biyu ko uku. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 babban mutum kada ya wuce miligiram 400 a yini, mai ciki kada ta wuce 200.

Sannan ga sabo. Idan kullum ana tare wa adinosin hanya, ƙwaƙwalwa na daidaita kanta da hakan, sai cokali ɗaya ya daina isa, a koma biyu. A nan mutum ya kai matsayin da kofin safe ba ya ɗaga shi sama da kowa, yana dawo da shi ne inda wanda ba ya sha yake tun farko. Ranar da bai samu ba, cikin awa 12 zuwa 24 ciwon kai ya fara, tunani ya cushe, a yi masa magana ya yi tsaki. Dalilin ciwon kan shi ne kafeyin na tsuke jijiyoyin jini na kai, idan babu shi sai su buɗe. Laura Juliano da Roland Griffiths, da suka tattara binciken da aka yi a kan wannan a 2004, sun nuna abin kan yi kwana biyu zuwa tara, kuma ko mai shan miligiram 100 kacal a yini yana iya fama da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe kai da la'asar a ranakun farko na azumi ya san abin da ake nufi. Akan ɗora wa yunwa da zafin rana laifi, alhali sau da yawa rashin shayi da goro ne.

Ni a ganina ba sai an fasa buta ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a matsar da lokacin: a sha da safe zuwa azahar, bayan la'asar a bar shi, ko a tsaya kan shayi na uku da ganyensa ya riga ya salance. Mai son ragewa kada ya yanke lokaci ɗaya, ya riƙa rage rabin cokali duk bayan 'yan kwanaki, kuma mai shirin azumi ya fara tun cikin Sha'aban. Direban da barci ya kama a hanya, ya sauka gefen titi ya runtsa na minti 20 ya fi masa ƙarin kofi na huɗu. Idan an rage an gyara barci amma kasalar na nan mako biyu ko uku, a je asibiti a auna jini, don ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro su ma haka suke kashe jiki, kuma shayi mai kauri da ake sha kan abinci yana rage sinadarin ƙarfen da hanji ke tsotsa.